Direban da ya dawo da kuɗin wake: tarihin farkawar addini a wajen maƙwabtanmu Kiristoci



Bara, ana saura mako biyu a kama azumi, muna zaune a rumfarmu ta Bodija muna lissafin kaya, sai ga wani dattijon Bayarabe ya tsaya a kanmu da 'yar baƙar leda a hammata. Ya gaishe mu da Hausa mai kyau, irin ta direbobin da suka daɗe suna bin hanyar Arewa. Ya ce, "Alhaji, ba ka gane ni ba ko?" Muka ce wallahi ba mu gane ba. Ya ce shi ne direban da ya ɗauko mana wake daga Dawanau shekara goma sha ɗaya da suka wuce, wanda ya iso babu buhu uku, ya ce ɓarayi ne suka ɗare motar da dare bayan an wuce Jebba suka jefar da su. Nan take muka tuna, don mun yi rigima a kan buhunan nan har gaban shugabannin kasuwa, ya rantse, muka haƙura. Ya ce, "Alhaji, babu ɓarawon da ya hau motata. Ni na sayar da su a Ogbomosho." Sai ya kwance ledar ya ajiye mana kuɗin buhu uku, kuma a farashin ranar da ya zo ya lissafa.

Muka tambaye shi me ya kawo wannan. Ya ce shekara biyu ke nan da ya tuba a cocinsu, kuma an koya musu cewa tuban mutum bai cika ba sai ya bi waɗanda ya cuta ɗaya bayan ɗaya ya mayar musu da haƙƙinsu. Ya nuna mana wata takarda da ta sha ninki, da sunaye a jere. Namu ne na bakwai, akwai huɗu a ƙasa da bai kai gare su ba tukuna.

Mu Hausawa mun ce hali zanen dutse. Mun daɗe muna faɗin haka a kasuwa, musamman idan wani ya cuce mu. To ga mutumin da ya yi rantsuwar ƙarya a kan buhu uku ya hau motar haya da kuɗinsa ya zo neman mu, babu ɗan sanda a bayansa, babu sammaci. Tun daga ranar muke tambayar dattawa da abokan cinikinmu Yarabawa, muna kuma duba abin da aka rubuta, don mu san inda wannan koyarwa ta samo asali. Abin da muka tattara ke nan muka kawo wa mujallarmu.

Bari mu faɗi inda muka tsaya, kada wani ya ce liman ya fara yi wa coci talla. Mu Musulmi ne, aƙidarmu game da Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, sananniya ce, kuma ta saɓa da tasu. Amma fiye da shekara ɗari ke nan muna zaune a Badun, tun da aka yanka wa kakanninmu Sabo a 1916. Da yawa daga masu sayen kayanmu da direbobinmu da malaman makarantun 'ya'yanmu Kiristoci ne. Yaranmu suna ganin masu fararen riguna ba takalmi, suna jin ƙararrawa da asuba, iyakar saninsu su yi dariya su wuce. Wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021, ko da yake ba rigimar addini ba ce, ya san cewa zama kusa da mutane ba tare da sanin su ba yana da tsada.

Annobar 1918 da masu addu'a

A watan Satumba na 1918, Sabo tana da shekara biyu da kafuwa, wata muguwar mura ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas. Yaƙin Duniya na Ɗaya yana gab da ƙarewa, jirage suna ta kai da komo, cutar ta biyo su. Daga Legas ta bi layin dogo da hanyoyin fatake har Kano, ta kashe ɗaruruwan dubban mutane a faɗin Najeriya cikin 'yan watanni. Likitan Bature ba shi da maganinta, boka ma haka. A wurare da yawa hukuma ta rufe makarantu da wuraren ibada don rage yaɗuwarta.

A Ijebu-Ode, wasu 'yan cocin Angilikan na St. Saviour's suka ci gaba da taruwa suna addu'a. Jagoransu wani maƙerin zinariya ne, Joseph Shadare, tare da wata matashiyar malamar makaranta, Sophia Odunlami, wadda ta ce an nuna mata cewa ruwan sama da addu'a sun isa magani. Suka sa wa ƙungiyarsu suna Egbe Okuta Iyebiye, wato ƙungiyar dutse mai daraja. Tambayarsu ita ce, in dai Allah mai iko ne kamar yadda ake karantawa ranar Lahadi, me ya sa Kirista zai fito daga coci ya zarce wurin boka ya karɓo laya? A lokacin mutane da yawa haka suke, ƙafa ɗaya a coci ɗaya a ɗakin tsafi. Sai suka haramta wa kansu laya da maganin boka, suka haɗa har da maganin asibiti. Shugabannin Angilikan ba su yarda da wannan ba, ga kuma saɓani a kan yi wa jarirai baftisma. A 1922 aka rabu, daga nan suka haɗa kai da wata coci ta birnin Filadelfiya a Amurka mai suna Faith Tabernacle, wadda suka sani ta hanyar ƙasidun da ke zuwa ta gidan waya.

Irin waɗannan ƙungiyoyi ne aka riƙa kira Aladura, wato masu addu'a. Ku saurari kalmar da kyau. Abin da Bayarabe ke kira adura shi muke kira addu'a, kuma masana harshe suna mayar da su duka biyu ga Larabci, don Musulunci ya riga mishan shiga ƙasar Yarabawa da shekaru masu yawa.

A 1925 wani reshe ya fito a Legas. Moses Orimolade, mutumin Ikare, gurgu ne mai yawon wa'azi gari gari. Aka kira shi ya yi wa wata yarinya addu'a, Abiodun Akinsowon, wadda ta faɗi ta yi kwanaki ba ta cikin hayyacinta. Da ta farfaɗo ta ce ta ga abubuwa na sama, jama'a suka yi ta zuwa ji, daga nan su biyu suka kafa Cherubim da Seraphim. Su ne farkon masu farar riga da muke gani suna jerin gwano. Shekara huɗu kawai suka yi tare, a 1929 suka rabu, kowa ya ja mabiyansa.

Direban rola

Wanda ya girgiza ƙasar Yarabawa gaba ɗaya shi ne Joseph Ayo Babalola. An haife shi a 1904 a Odo-Owa, cikin jihar Kwara ta yanzu, a gidan 'yan Angilikan. Aikinsa tuƙa rola, motar daɓe hanya, a ma'aikatar ayyuka ta gwamnatin Turawa. A watan Oktoba na 1928, ana aikin hanyar da ta haɗa Ilesha da Akure, kusa da Ikeji-Arakeji, rolarsa ta tsaya cak. Shi ya ce ya ji murya tana kiran sunansa, tana umartarsa ya bar aikin ya tafi wa'azi. Ya ajiye aikin albashi, a zamanin da samun irinsa abin alfahari ne ga dangi gaba ɗaya, ya shiga azumi da addu'a, ya ɗauki ƙararrawa ya koma garinsu. Mutanen garin suka ɗauke shi mahaukaci, cocinsu ma ta kore shi. Da agana ta ɓarke a garin sai wasu suka fara komawa wurinsa neman addu'a. A ƙarshen 1929 mutanen Faith Tabernacle suka yi masa baftisma a Legas, ya zama nasu.

A watan Yuli na 1930 shugabannin Faith Tabernacle suka taru a Ilesha don warware saɓani biyu da ke tsakaninsu: matsayin mai mata fiye da ɗaya, da batun shan magani. Babalola yana cikin mahalarta, saurayi ɗan shekara ashirin da shida. Mabiyansa suna cewa a nan ne ya yi addu'a a kan wani yaro da ake shirin kaiwa makabarta, yaron ya tashi. Wannan maganarsu ce. Abin da kowa ya shaida, har da jami'an Turawa da 'yan mishan da ba sa ƙaunarsa, shi ne abin da ya biyo baya. Unguwar Oke-Ooye ta cika maƙil. Mutane suka riƙa zuwa a ƙafa da manyan motoci daga Ijesha da Ekiti da Ondo da wuraren da suka fi nan nisa, kowa da kwalbarsa ko ƙwaryarsa ta ruwa, don ya yi addu'a a kai su sha. Marasa lafiya suka riƙa barin gadon asibiti ana ɗauko su zuwa filin. A wannan shekarar ce wani mai suna Daniel Orekoya ya kawo farkawar nan Badun, ya kafa ta a Oke-Bola, ba nisa da inda muke.

Ruwa ba ya tsami banza. A 1930 kasuwannin duniya sun karye, farashin koko ya faɗi warwas, manoma sun rasa kuɗin haraji, 'yan kasuwa sun ci bashi sun kasa biya. Hanyoyin mota da jirgin ƙasa sun raba matasa da ƙauyukansu, sun zo birni inda gunkin gidansu ba ya da iko. Mutum yana cikin tsoro: tsoron cuta, tsoron maye, tsoron ɗan uwan da zai yi masa asiri. Babalola ya zo da magana gajera wadda talaka zai riƙe. Ka jefar da layarka, ka daina bauta wa gunki, ka faɗi laifinka, ka dogara ga Allah ta hanyar addu'a. Yana faɗa da Yarabanci, ba tafinta, ba tambayar takardar makaranta.

Abin da aka bari da abin da aka biya

Alamar wanda ya karɓi wannan kira a 1930 ita ce abin da ya fito da shi daga ɗakinsa. Mutane suka riƙa kawo layu da guraye da ƙahonin asiri da gumakan da suka gada, ana tarawa tsibi tsibi ana cinna musu wuta. Mu da muka san yadda mutum ke riƙe da layar da kakansa ya bar masa, mun san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya ƙona gunkin gida ya ɓata da dattawan gidan, wani lokaci ya rasa gado, wani lokaci ya rasa aure. Dubban mutane a Ekiti da Ijesha da mishan ta yi shekaru tana bi ba su amsa ba, a wannan lokaci suka shiga Kiristanci, har cocin Angilikan da na Methodist da ke adawa da Babalola suka samu ƙaruwar jama'a ta dalilinsa. Shi kuma ya koma Efon-Alaaye da zama, inda sarkin garin ya karɓe shi.

Amma abin ya zo da nasa ciwon. Hana shan magani ya sa an rasa mutanen da asibiti zai iya ceta, musamman yara da mata masu naƙuda. Wa'azi a kan maita kuma wuta ce mai wuyar kashewa, don da an ce akwai mayu a gari, tsofaffin mata marasa gata ake fara nunawa da yatsa. Gwamnatin Turawa ta sa ido, kuma a 1932 aka ɗaure Babalola wata shida a kurkukun Benin bisa tuhumar da ta shafi zargin maita.

Saboda matsin hukuma, shugabannin suka nemi inuwar wata coci ta Ingila mai suna Apostolic Church, waɗanda wakilansu suka iso a 1931. Zaman bai yi ƙarko ba. 'Yan ƙasa suka gano cewa Turawan mishan ɗin suna shan kwinin don kare kansu daga zazzaɓin cizon sauro, alhali su an hana su ko da ƙwaya ɗaya. Wajen 1940 aka rabu, ɓangaren Babalola ya ɗauki sunan Christ Apostolic Church, aka yi masa rajista a 1943. Wannan ita ce CAC da muke ganin allunanta a kowace unguwa, kuma su ba sa sa farar riga, kada a haɗa su da Cherubim.

Shugabanta na farko ɗan garin nan ne, Isaac Akinyele, wanda ya rubuta tarihin Ibadan da Yarabanci. Shi ne ya zama Olubadan a 1955, ya yi sarauta har rasuwarsa a 1964, yana riƙe da shugabancin cocin. Wato iyayenmu na Sabo sun yi shekara tara a ƙarƙashin sarkin da ya fito daga wannan farkawa. Babalola kuwa ya rasu a Ede a watan Yuli na 1959, aka binne shi a Efon-Alaaye. A Ikeji-Arakeji, inda rolarsa ta tsaya, yanzu akwai jami'a mai sunansa.

Akwai rassa biyu da ya kamata mu ambata don muna haɗuwa da su kullum. A Ogere, inda tirelolinmu ke kwana a hanyar Legas, Josiah Ositelu ya kafa Church of the Lord Aladura a 1930, bayan Angilikan sun sallame shi daga aikin koyarwa saboda wahayin da ya ce yana samu. A 1947 kuma wani kafinta, Samuel Oshoffa, ya kafa Celestial a Porto-Novo, cikin Jamhuriyar Benin ta yanzu, ta ƙetaro zuwa Legas. Su ne waɗanda ba sa sa takalmi idan suna cikin farar rigarsu, kuma dokarsu ta hana giya da taba da naman alade.

Zango na biyu: 'yan boko

Farkawar 1930 ta manoma ce da leburori da ƙananan akawu. Ta biyu ta taso ne bayan yaƙin basasa, wanda ya ƙare a watan Janairun 1970, kuma a makarantu ta taso, musamman jami'ar Ibadan da ta Ife. Ɗalibai suka riƙa taruwa suna karatun Baibul da kansu, suna cewa haihuwa a gidan Kirista da zuwa coci ranar Lahadi ba su isa ba, sai mutum ya tuba da kansa a rana sananniya, ya yanke da tsohuwar rayuwarsa. Wannan suke kira sabuwar haihuwa, abin da yaranmu ke ji ana cewa "born again". Lokacin kuɗin mai ne, cin hanci ya fara zama ruwan dare, sai waɗannan matasa suka fita daban: ba giya, ba neman mata, ba satar jarrabawa.

A 1973 wani malamin lissafi a jami'ar Legas, William Kumuyi, ya fara zaman karatun Baibul a gidansa da 'yan mutane kaɗan. Wannan zama ne ya zama Deeper Life. An san su da sutura marar ado, matansu ba ɗan kunne ba sarƙa, kuma an fi sanin su da koyarwar mayar da haƙƙi. Wanda ya saci kayan ofis ya mayar. Wanda ya samu takardar shaida ta hanyar maguɗi ya je ya faɗa, ko da zai rasa aikin. Wanda ya ci bashi ya gudu ya koma ya biya. Koyarwar ta girmi Kumuyi, shi ma a cocin Apostolic Faith ya same ta, amma ta hannunsa ta bazu har ta shiga wasu coci da yawa. Takardar nan mai sunaye goma sha ɗaya da direbanmu ke yawo da ita daga wannan jijiya ta fito. Ita ma koyarwar ta taɓa wasu da zafi, don akwai inda aka kai ta har ga aure, aka ce mai mata biyu ya rabu da ta biyun, mata da 'ya'ya suka shiga wani hali.

Cocin Redeemed kuwa ta haɗa zango biyun. Josiah Akindayomi ne ya kafa ta a Legas a 1952, bayan ya fito daga Cherubim da Seraphim, kuma shi ba mai zurfin boko ba ne. Wanda ya gaje shi a 1981, Enoch Adeboye, malamin lissafi ne a jami'a mai digirin dakta. A hannunsa ƙaramar cocin Yarabawa ta yaɗu ƙasashen duniya. Sansaninsu yana kan babbar hanyar Legas zuwa Ibadan, wadda aka buɗe a 1978. Duk wanda cikinmu ya taɓa kwana a cunkoson motoci da lodin tumatir ko shanu a daren taronsu na Juma'ar farkon wata ya san wurin ba sai an kwatanta masa ba.

Daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sai wa'azi a coci da yawa ya karkata. Maganar tsarkake hali ta ja baya, maganar buɗi da arziki da samun biza ta shigo gaba. Coci ta yawaita a kowane lungu, wasu na gaskiya, wasu shago ne kawai aka buɗe. Wannan ƙorafi daga bakin Kiristocin kansu muka fi jin sa. Wani tsohon abokin cinikinmu ɗan CAC ya ce mana a zamanin iyayensa ana zuwa taro ne a ajiye abu a tafi, yanzu kuwa kowa ya zo karɓa. Muka ce masa ai mu ma muna da irin wannan kuka a gidanmu.

Farkawar ta taɓa Musulmin Yarabawa ma. A 1995 wasu ma'aikata 'yan boko a Legas suka kafa NASFAT, suka sa taron addu'arsu da safiyar Lahadi, kuma da yawa suna ganin dalili ɗaya shi ne don matasan Musulmi su samu wurin zuwa a lokacin da abokansu ke coci.

Mu fa?

Sabo ma ta taɓa ganin irin tata. A farkon shekarun 1950 ɗariƙar Tijjaniyya ta shigo unguwar nan da ƙarfi, a zamanin da sunan Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ya cika Kano. Zawiyoyi suka buɗe, wazifa ta kankama, mutanen Sabo suka fara sallar Juma'arsu a cikin unguwa. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna da iyayenmu a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a kan Sabo a 1969. Abin da ya lura da shi shi ne cewa cinikin goro da shanu gaba ɗaya a kan amana yake tafiya. Bafatake ya bar shanunsa a hannun maigida, dillali ya sayar wa mahauta bashi, ba takarda ba sa hannu, kuma farkawar addini ta ƙara ɗaure wannan amana. Ko mutum ɗan ɗariƙa ne ko ba shi ba ne, ai ya san iyayenmu da wannan suka ci kasuwar Kurmi.

In muka jera tarihin nan tun daga Ijebu-Ode har yau, abu ɗaya ne yake ta dawowa. Duk lokacin da farkawar take da rai, ana gane ta da abin da mutum ya fitar daga hannunsa: laya a 1930, kwalbar giya da takardar bogi a 1975, kuɗin buhu uku a rumfarmu bara. Duk lokacin da ta yi sanyi kuma, taro yana ƙaruwa, lasifika tana ƙara ƙarfi, amma ba mai mayar da komai. Wannan ma'auni ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun muna Islamiyya aka koya mana sharuɗɗan tuba: barin laifin, nadama a kansa, ƙudurin ba za a koma ba, sannan in haƙƙin wani ne a mayar masa ko a nemi yafewarsa. A fiƙihu ma an koya mana cewa wanda ya ci abin awo na wani, irinsa zai biya. Direban nan bai karanta Iziyya ba, amma da ya lissafa waken a farashin ranar, abin da malamanmu za su ce ya yi ke nan.

Abin da ya hana mu barci a daren shi ne, sau nawa muka karantar da sharaɗin nan na huɗu a masallaci, kuma sau nawa muka ga wani cikinmu ya rubuta sunaye ya bi su? Rabin waken nan na abokin haɗin gwiwarmu ne, Allah ya jiƙansa, don haka washegari muka kai wa marayunsa rabonsu. Da muka dawo muka buɗe tsohon littafin rumfa, sai ga sunan wata mai alala da ta ba mu kafin alƙalami na rabin buhu shekara shida da suka wuce, ba ta dawo ba. Mun san unguwarsu. Kullum muna cewa in ta zo za mu ba ta, kuma a zuci mun san ba za ta zo ba. Muka aika yaron rumfa ya yi kwana uku yana tambaya, ya samo 'yarta, ashe uwar ta rasu tuntuni. Muka biya ta. Kunyar da muka ji a gaban yarinyar nan, Allah kaɗai ya sani, kuma sai da Kirista ya zo ya tuna wa liman.

To, jama'a, azumi ya sake matsowa. Kowa ya san kongon da aka bubbuga wa gindi, da buhun da aka yi wa fuska da wake mai kyau aka cusa mai ƙwari a ƙasa, da ajiyar mamacin da magada ba su san da ita ba, da kuɗin ɗan dako da aka ce ya dawo gobe. Kowa ya ɗauki takarda da biro ya rubuta nasa sunayen kafin a ga wata. Wanda yake jin nauyin zuwa da kansa ya same mu bayan sallar Isha'i, za mu kai a madadinsa ba tare da an ji sunansa ba. Yaranmu kuma a gaya musu, in sun ga mai farar riga da ƙararrawa ya wuce, su gaishe shi kamar yadda ake gaida maƙwabci.

Direban ya ce mana daga Bodija Ilori zai wuce, wurin na takwas. Muka yafe masa rantsuwar, muka ba shi ruwa ya sha, muka raka shi har bakin titi.

Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin mutane tun muna da rai, ya zaunar da garinmu lafiya.